Gashi Biyu a Kutaisi

Injin kwaɓa fulawa ya cafke mini hannu ran wata Talata,
ƙashi biyu suka tsage kamar busasshen kara.
Mako shida hannun na kwance cikin filasta,
ina shaƙar ƙamshin tanderun wani, ina haɗiyar yawu.

Ran da aka kwance ni na ce shi ke nan, na warke.
Na miƙa hannu zan ɗauki kofin shayi,
sai yatsu uku suka tsaya ƙiƙam
kamar baƙin da suka ɓata gida.

Ni mai gashin burodi, ita mai gashin ƙashi.
Tsiala sunanta, ɗakinta na kallon kogin Rioni.
Ta juya tafina, ta danna tabon, ta ce:
Guram, ƙashi ya haɗe, ba shi da laifi.
Jijiyar da ke jan yatsa igiya ce a cikin kube.
Kumburi ya kwana a kanta,
tabo ya manne ta da nama,
gaɓar da ta daɗe a ɗaure kuma ta manta hanya.
Ƙofar da aka jima ba a buɗe ba, ai sai ta yi kuka.

Ta tsoma hannun cikin narkakken kaki mai ɗumi,
ta murza tabon har na ga taurari da rana.
Lanƙwasa, riƙe, saki.
Goma-goma, sau biyar a yini.
Zafi kaɗan ka jure, in ya yi tsanani ka dakata,
ba kokawa muke yi ba, lallashi ne.
In ka kwanta, ɗora shi sama da ƙirjinka.
In watanni suka shuɗe jijiyar ta ƙi saki,
akwai wuƙar likita, amma ba yau ba.

A wata na uku Lamara ta ajiye mini curin ƙullu,
ba ta ce komai ba, ta koma wanke-wanke.
Na matsa. Ya nutse. Na sake matsawa.

Yau da asuba na manna burodi a bangon tanderu.
Ƙaramin yatsan har yanzu bai taɓa tafi ba,
saura faɗin ƙwayar wake.
Masu saye ba su lura ba.
Ni kuwa kullum da dare sai na auna.