Awon Tafin Hannu

Ƙarfe uku na dare nake tashi daga aiki,
asibitin Amarillo a bayana, filin ajiye motoci a gabana.
Fitila biyu sun mutu tun bara, ba wanda ya gyara.
Daren da na tarar da gilashin motata a ƙasa kamar gishiri,
wani kuma can tsaye, hannu a aljihu, yana ƙirga takuna,
daren na daina cewa ni da bindiga har abada.

Kantin Orval Pruitt na warin man inji da tsohon kofi.
Hannuna ya fara duba kafin fuskata.
"Buɗe tafin," ya ce, kamar tela zai yi awo.
Ya jera uku a kan koren ƙyalle.
Ta fari ta yi kauri, yatsana bai kai kunama ba.
Ta biyu 'yar mitsitsiya, ta ɓace a hannuna kamar sabulun otal.
Na yi murmushi, ya girgiza kai:
"Ƙaramar ta fi shuri, 'yata, tambayi mai kiwon maraƙi."
Ta uku ta zauna.
Ba kyau, ba ƙyalli, baƙa, gajera,
nauyinta bai kai rabin jaririn bakwaini ba.
Na laluba jaka, ya dafe ta da hannu:
"Ba yau ba. Je ki harba irinta tukuna.
Takalmi ma sai an taka."

Sai neman fili.
Wanda waya ta fara nuna mini ya zama shagon taya.
Na biyu can nesa, bayan gonakin auduga,
ƙofa da kwaɗo, allo ya ce sai 'yan ƙungiya,
shanu suka bi ni da kallo har na juya.
Na uku ashe kullum ina wuce shi:
ginin bulo marar taga, bayan wurin wankin mota.
Talata da yamma ta mata ce, suna ba da haya.

Verna ke koyarwa, tsohuwar direbar motar 'yan makaranta,
ba abin da ke firgita ta kuma.
Ta toshe mini kunne, ta sa mini tabarau,
ta shuri diddigena na gyara tsayuwa.
"Ja numfashi. Saki rabi.
Matsa a hankali, kamar kina ɗiga magani a ido."

Ƙarar ba a kunne na ji ta ba, a haƙori.
Kwanson harsashi ya faɗo mini a wuya, da zafinsa.
Na sake. Na sake.

Takardar ta dawo a kan igiya tana lilo,
inuwar mutum marar fuska, da huji biyar.
Verna ta ce, "Madalla!"
Ni kuwa huhun hagu na gani,
da saifa, da jijiyar da ba ta jiran likita,
na ƙirga ledar jini nawa za a rataya,
na ji muryar uwar da za ta tambaye ni a baranda.
Shekara goma sha ɗaya ina danne irin wannan rami
da wannan hannun
da Orval ya auna.

Na wanke warin albarushi sau uku, har gwiwar hannu,
yadda muke yi kafin tiyata.

Na koma kantin ranar Juma'a.
Akwatin ƙarfe na fara saya, mai buɗewa da yatsa,
don Isidro shekararsa bakwai, kuma ba aljihun tebur
da bai san cikinsa ba.
Sannan kube. Sannan ita.

Yanzu tana zaune ƙasan haƙarƙarina na dama,
tana zungura ta in na sunkuya ɗaure takalmi.
Kowace Talata ina huda takarda,
kowane dare ina roƙon ta tsufa ba ta san nama ba.
Jiya na aika wa hukumar asibiti wasiƙa ta huɗu:
kwan fitila biyu, ranku ya daɗe,
biyu kacal.