Riga Ɗaya, Kwana Biyu

Juma'a da yamma na kulle aji,
na kaɗe alli daga hannuwana,
na ce wa Tsahara: kwana biyun nan nawa ne,
ko gobara ta kama kasuwa kar a tashe ni.
Ta yi dariyar nan tata,
ta ci gaba da tsinkar zogale.

Asabar, daga sallar asuba sai akurki.
Tattabaru sha tara na ƙirga,
jiya ashirin ne.
Mai baƙin wuya ba ta kwana gida ba.
Ina cikin leƙen sama waya ta yi kuka:
Nomau ne, suna a Bagalam,
wai mantuwa na yi, ko na fi ƙarfin zumunci?

Na tarar an raɗa, an ce Rumasa'u,
goro ya ƙare, sai guntun dabino.
Aka ba ni ƙafar rago in riƙe,
ya shure ni, ya sa mini hannu da ja
a bakin farar rigata.

Hantsi a Jiratawa.
Garkata taku talatin ce,
amma cin kuɗinta ya fi na mai ƴaƴa bakwai.
Injin ban ruwa ya yi tari uku, ya yi gum.
Na kwance shi da sifana da salati,
na mayar, ƙusa guda ta yi saura,
ya kuwa tashi.
Ban tambaye shi dalili ba.

Bayan la'asar, ƙwallon tsofaffi:
tumbi sha ɗaya da tumbi sha ɗaya.
Na ci ɗaya, a ragarmu.
Gwiwata ta tuna mini shekarata.

Da dare a fada, Jadi ya haƙa dara,
wuta ta ɗauke, shayi na tafasa a duhu,
da fitila ta dawo itacensa ya yi tafiya shi kaɗai.
Ya rantse iska ce.
Shekara ashirin iskar nan ke yi masa aiki.

Lahadi Barnaba ya ƙwanƙwasa da sassafe:
ƴarsa za a ɗaura wa aure a majami'a,
benci bai isa ba, ga amalanke babu mai turawa.
Muka turo daga Zariya, muna haki, muna zagin juna.
Na zauna ƙarƙashin bedi ina jin waƙarsu ta taga,
aka aiko mini shinkafa da kai biyu na kaza.

Ban kai loma ta biyar ba.
Malam Yahuza, aka ce. Ana azahar.

Shi da ke gyara mana ƙalƙala
tsakanin magariba da lisha,
da tsinken sakace yake nuna harafi,
bai taɓa cewa ka yi kuskure ba,
sai dai: sake, ban ji daɗinsa ba.
Barnaba ya ajiye hular biki, ya kai ni a babur,
ya tsaya bakin maƙabarta har muka gama.
Na miƙa tubali, na miƙa laka.
Jan rago, baƙin inji, yanzu ga ƙasar kabari,
duk a hannun riga ɗaya.

Da magariba muka zauna, mu shida,
buzunsa a shimfiɗe, babu mai hawa.
Tsinken na nan cikin Mus'hafi
inda muka tsaya ran Alhamis.
Nomau ya fara, muryarsa ta karye,
babu wanda ya ce masa sake.
Ya sake.

Na dawo gida ina jan ƙafa.
Bisa katanga, ga mai baƙin wuya,
ta zo da wani baƙo fari, ba kunya.
Ashirin da ɗaya.

Tsahara ta karɓi rigar, ta juya ta a fitila,
ta ce, to, Malam, an huta?
Takardun yara saba'in na kallona daga tebur,
jan biro ko buɗe shi ban yi ba.
Na ce mata, kar ki wanke tukuna.