Awon Ruwa

Shekara talatin da ɗaya ina awon filaye,
daga Zariya har gangaren Bagalam,
igiya a kafaɗa, turakun siminti a bayan babur.
Inda na ce nan, nan ne.
Ko 'yan uba ba sa ja da igiyata.

Da na ajiye aiki, na sa Illa mai gilashi
ya haɗa mini akwati, kamu uku da taƙi.
Ya liƙe kusurwoyi, ya ce a bar shi kwana bakwai.
Na bar shi tara. Na san Illa.

Yashin gulbi na ɗebo, bayan ruwa ya janye,
na wanke shi sau goma sha biyu
har Tsahara ta ce ko shinkafar biki ba ta ga wannan gata ba.
Duwatsun na dafa a tukunyar wakenta.
Har yau maganar ba ta mutu ba.
Dutse na fara azawa, yashi daga baya,
don an ce masu zuwa maginan rami ne.

Labo direba ya kawo shida daga Kano, rawaya kamar gwaiduwa,
a leda, bisa cinyarsa, tun daga Ɗan Isa,
da shuɗɗa biyu masu zanen saƙi.
Ja ɗin kuwa kyautar Cindo ce, masuncin Madarunfa.
Ya ce, "Ɗauki, wagga ba ta kai miya ba."

Na raba musu gari kamar yadda na iya:
kogo tara, layi biyu, hanya a tsakiya,
kowa da ƙofarsa, kowa da tsakar gidansa.
Na kwanta da daɗin aikin da ya yi kyau.

Da asuba ja ta mallake unguwa.
Takwas sun taru a kusurwar sama, jela a yage.
Tana ɗibar yashi da baki, cika ɗaya ɗaya,
tana tofawa a ƙofar maƙwabci.
Ganyen da na saya jika biyu
yana yawo a bisa, saiwa a sama.

Cindo ya zo, ya tsuguna, ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan: "Kifi ba shi karanta takarda, Malam.
Abin da idonai ya gani, nashi ne.
Tare mishi ido.
Kuma ƙaro wasu. Mai faɗa in ya shiga kasuwa
ba shi sanin wa zai bi."

Na rushe layukana da hannuna.
Na tsibe duwatsu yadda jikana zai tsibe su,
nan tudu, can kwari, ga katangar fasasshen tulu a karkace.
Na ƙaro biyar.
Ban ce an yi sulhu ba.
An dai daina yaga jela.

Cikin bazara, in an ɗauke wuta, kumfa ta tsaya,
ni ne injin: ludayi a hannu,
in ɗebo, in zubo daga sama, in ɗebo,
har kiran farko.

Sai wata rawaya ta daina ci.
Maƙoshi ya kumbura, ta lafe bayan tulu.
Kwana ashirin ina jiran gawa.
Ran ashirin da ɗaya ta buɗe baki,
'ya'ya sha ɗaya suka fito, kowanne kamar tsakin gero.
Inuwar hannuna ta gifta,
suka koma ciki, duka, ta rufe.
Wannan gidan ban auna shi ba.

Jiya wani ya sallama, da tsohuwar takarda mai sa hannuna.
Shi da ƙanensa, shekara sha tara ba gaisuwa,
ga bango a kan layina, miƙe sambal.
Yana so in duba ko akwai kuskure.
Na duba. Babu.

Na ba shi kujera a gaban gilashi,
Tsahara ta kawo fura.
Ja tana can ƙasa,
ta sake fara kwashe yashi daga inda na zuba shi.