Ƙaryar Farko

Kwana tara ya rage hutuna ya ƙare,
allo da alli na jirana a Rafindaɗi.
Ke kuwa, Ramla, ba ki san Litinin ba,
ba ki san ƙararrawa ba, balle rajista.
Ƙirjina kaɗai kika sani,
nan ne gabas ɗinki, nan ne yamma.

Sada ya shigo da ita bayan lisha,
a 'yar leda, daga kemis ɗin Ƙofar Marusa:
shuɗiya, da zobe a gindi, kanta kamar ɗan kanya.
Ya ajiye bakin tabarma yana sunkuyar da kai
kamar wanda aka aiko da sammaci.

Na tafasa ta a tukunyar shayi,
na tsame da cokali, ina jira ta huce,
sai Inna Tambai ta ɗaga labule, carbi a hannu.
"Mi ne ne wanga? Roba za ki ba ɗiya?
Tara na haifa, ba wanda ya tsotsi marfin kwalba.
In ta yi kuka ki goya ta. Zane ya ƙare a Katsina?"
Na ce, Inna, ba a shiga aji da goyo.
Ta ce, "Ku dai da boko," ta saki labule.

Daren farko kika cafke da zumuɗi,
tsotso ɗaya, biyu, kika tsaya cik,
kika ɗago ido kika yi mini
kallon da ake wa mai awo in ya tauye mudu.
Kika tofar. Ta gangara ƙarƙashin gado.
Ubanki ya bi ta a rarrafe da fitilar waya,
ya fito da yana a hula, girma ya zube.

Washegari Inna ta ce a ɗiga mata zuma.
Na ce malamar asibiti ta hana, sai kin shekara.
"Ita malamar, ɗiya nawa ta yaye?"
Ban tanka ba. Zuma dai ba ta fito ba.

Sai dare na biyar na gane
yunwa ba ta karɓar wasa.
Na bari kika ƙoshi, nono na dalala gefen baki,
ido na lumshewa kamar aci-balbal mai ya ƙare,
na zare kaina a hankali,
na sa ta a gurbina.
Kika riƙe.
Zoben na rawa, sama, ƙasa, sama.
Sada ya yi hamdala, ya juya, ya ja minshari.
Ni na zauna a duhu, ƙirji na zogi,
ina kallon abin naira ɗari biyar yana aikina.
Ashe haka ake fara yi wa ɗa ƙarya,
ba da harshe ba,
da hannu mai taushi, har da bisimilla.

Ranar Litinin, sha ɗaya da kwata,
ina tsakiyar bakwai sau takwas,
nono ya kawo, ya jiƙa mini riga.
Na ja mayafi na rufe.
Yara sittin na jiran amsa,
ni ina jin kuka daga unguwa uku.

Na sauka daga keke ban tsaya canji ba.
Tsakar gida tsit, kaji na tono.
Ga ki a cinyar Inna, robar a bakinki,
ga kwanon furarta mai murfi a gefe,
ta wanke shi fes, nan ta yi mata ma'aji.
Ba ta dube ni ba, ta ce da bango,
"Sau biyu ta amsa. Sau ukku ta jefe ni da ita.
Ɗiyar ga ta san na gaske."

Kika ji sallamata, kika tofar,
kika juyo baki buɗe kamar ɗan tsako.
Ko takalmi ban cire ba na zauna a dakali.
Kika kama da ƙarfi har na ce wash,
kina tsotsa, kina hararata ta wutsiyar ido,
ni kuwa ina biyan bashi,
ban nemi ragi ba.