Awon Yatsu

Ni tela ne a Tsohuwar Kasuwa.
Shekara ashirin da shida ina auna kafaɗun mutane,
ban taɓa sa almakashi a yadi ban gwada ba.
Amma ran da na shiga ɗakin Malam Istifanus a Mabera
sai na bar awo a aljihu, na shiga da kwaɗayi.

Fiyanonsa ya tsufa, haƙoran sun yi rawaya,
akwai ɗaya can ƙarshe, in ka danna shi sai ya yi gum
kamar wanda ake bi bashi.
A kansa takardun kiɗa ne jibge,
zafin Sakkwato ya nannaɗe musu gefe.

Na zaro wadda ta fi baƙi.
Layi biyar-biyar, ɗigo bisa ɗigo,
kai ka ce jan-baki ne suka sauka
a gonar shinkafa ta Kwalkwalawa.
Na ce, irin wagga nike so.
Irinta na ji a rediyon maigadi
daren da Atine take naƙuda,
ina zaune a barandar asibiti, ban san inda zan sa hannuwana ba.

Malam bai hana ni ba. Ya jawo mini kujera.

Hannun dama ya kama hanyar Illela,
na hagu ya nufi Jega.
Ido na bin layi, layi na zillewa,
ƙafa kuma ta hau taka feda
tana zaton keken ɗinki ne.
Ban kai ƙarshen layin farko ba aka kira la'asar.

Da na dawo daga masallaci ya ce,
Modi, in an kawo maka yaro ɗan shekara bakwai,
babbar rigar ubansa kake zura masa?
Na ce haba, ai sai ya take ta ya faɗi.
To cif-cif da jikinsa kake yankawa?
Na ce a'a, baɗi ta ɗage masa.
Nakan bar yatsa uku a naɗe daga ƙasa,
in ya yi tsawo a warware.

Ya yi dariya har da tari.
Ya ce, to me ya kawo ka wurina?

Sai ya ce in buɗe tafi.
Ya duba daga babban yatsa zuwa ƙaramin,
haƙori nawa suke iya haɗawa.
Ya tona can ƙasan jibgin
ya fito da wata kusan fara fat,
ɗigo ɗaya nan, ɗaya can,
kamar awaki a fili da rani.
Kunya ta kama ni, da furfurata.

Ya ce, wadda ka ci ba ka yi gumi ba ta yi maka kaɗan,
bar wa na bayanka.
Wadda ta shaƙe ka tun layin farko, rigar wani ce.
Taka ita ce wadda za ka bi tara cikin goma,
na goman ya tsaya maka a wuya har mako biyu.
Wannan shi ne naɗin.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan.
Ranar Talata da Alhamis nakan rufe shago da wuri,
in hau kabu-kabu da takarda a cikin leda.
Hannuwana sun fara gaisawa a hanya.
Luba, wadda aka haifa a daren nan,
ta biyo ni sau ɗaya, ta ce, Baba, wannan ai waƙa ce.

Jiya Malam ya ba ni sabuwa,
akwai baƙin haƙori ɗaya a layi na uku.
Yatsa guda ya warware mini.

Baƙar takardar kuwa na are ta,
na kafe ta da allura a bangon shago, sama da keke.
Masu kawo ɗinki sukan tambaya ko zanen aiki ne.
Nakan ce e, na wata riga ce,
mai ita bai gama girma ba.