Noti na Huɗu

Asabar a Hull. Ruwa ya ɗauke amma bai tafi ba,
yana rataye a igiyoyin shanyar maƙwabta.
Na shimfiɗa kwali a lungun bayan gida,
na durƙusa gaban 'yar jar motar nan
da ta girmi aurena da shekara goma sha biyu.

Fam ɗari huɗu na saye ta a hannun Misis Ogden.
Ta karɓi kuɗin ba ta ƙirga ba,
ta ce, "Akwai littafi a aljihun gaba.
Na Stanley ne. Ka bar shi a ciki."

Ɗan littafi ne, baƙin mai ya ci gefensa.
Kowane juyen mai na nan, da rana da wata.
Fulogi huɗu, Maris. Tiyon lagireto, Oktoba.
Fanbel ya yi kuka a hanyar Beverley, an ɗaure.
Mutumin bai rubuta ranar haihuwar kowa ba,
amma ya rubuta ranar da kuloci ya fara santsi.

Tun makon jiya salansa ke furzar da farin hayaƙi.
Na buɗe murfin mai, na ga kumfa
kamar an dama kindirmo a cikin inji,
na san ruwa ya shiga ɗakin da ba nasa ba.
A gareji suka ce ɗari bakwai.
Na yi dariya, su ma suka taya ni.

Hajjo ke riƙe min tocila, shekararta tara,
hasken na bin kyanwar maƙwabta, ba ya bin sifana.
"Nan, Hajjo. Nan."
Yatsuna sun daskare, ba na jin nawa ne ko na aro.
Gishirin da ake watsa wa titi da hunturu
shi da tsatsa, abokan cin mushe,
sun daɗe suna shawara a ƙarƙashin motar nan.

Noti na farko ya saki.
Na biyu ya bi yayansa.
Na uku ya yi ƙara irin ta tsohuwar ƙofa, ya haƙura.
Na huɗu ya kafe.

Na zura bututu a gindin sifana don ƙarin ƙarfi,
na kafa ƙafa a taya, na cije leɓe,
zuciya na cewa yau ko ni ko kai.
Sai Hajjo, hancinta a cikin littafi:
"Baba, ya ce na huɗu mai taurin kai ne.
A jiƙa shi da mai, a je a sha shayi, a dawo.
Ya ja layi biyu a ƙarƙashin shayi."

Na ajiye bututun.
Wa zai yi musu da wanda ya riga shi karya noti?

Mun sha shayi a tsaye, tiriri na haɗuwa da numfashi.
Da muka dawo, da hannu ɗaya na murɗa,
ya biyo ni salin-alin
kamar ba shi ne ɗazu ba.

Sabon gasket ya kwanta ranar Lahadi bayan la'asar.
Na murza makulli. Tari. Shiru.
Tari kuma, sai ta kama,
muryar ta daidaita kamar keken ɗinki a hannun gwani.
Can a gida mai lamba tara, labule ya motsa.
Ba ta fito ba.
Ta dai tsaya har inji ya yi ɗumi.

Na goge hannu a tsumma, na ɗauki biro,
ƙarƙashin layin Stanley na ƙarshe
na rubuta da Hausa: Gasket, Nuwamba. Na huɗu ya ji magana.

Hajjo ta leƙa. "Wa zai iya karanta wannan a nan garin?"
Na miƙa mata sifana mai lamba goma sha uku,
na ce ta goge shi, ta mayar inda ta gan shi.