Gardama a Shagon Walda

Janareto ya mutu da azahar ranar Laraba,
fetur ɗin kwalba biyu ya ƙare a kan ƙofar Alhaji Maikano,
rabinta a tsaye, rabi a kwance.
Duk Anka babu wuta tun Juma'a.
Na cire tabarau, na murɗa rediyo,
na tarar ana cacar baki kan tashar nukiliya.

Lawali, ɗan ƙanwata da ya zo hutu daga jami'a,
ya zabura kamar shi aka kira:
"Kawu, abu ne kamar kan yatsa,
ya riƙe maka gida wata da watanni.
Ba hayaƙi, ba layin gidan mai,
allura ba za ta ƙara lalacewa a firjin asibiti ba."
Na dubi ƙofar Alhaji, yawuna ya tsinke.

Tsoho Labbo maƙeri bai ɗago kai ba,
yana ta wasa bakin lauje.
Ya ce, "Zugazugin da nake ƙera fartanya da shi,
shi na zuga daren da wasu suka zo
da bututun ƙarfe, suka ce a sa masa kunama.
Garwashin bai tambaye ni komai ba.
Mutumin da aka tsinta a hanyar daji bayan girbi
ya taɓa sayen garma a hannuna."

"Akwai masu sa ido, Baba, akwai yarjejeniya.
Man tasha daban, na bam daban,
sai an tace, an sake tacewa."
"Haka ƙarfe," in ji Labbo, "sai an buga, an sake bugawa."

Inna Tumba mai fura, mutuniyar Bagega,
ta sauke ƙwarya, ta gyara kallabi.
"Mu zinariya aka ce mana.
A tsakar gida muka niƙa dutsen,
garin ba wari, ba ɗaci,
yara na rarrafe a kai.
Hantsi ta fara jijjiga da magariba,
Ige ta bi ta kafin sati.
Sai daga baya muka ji sunan dalma,
aka kankare ƙasar gidanmu aka kai rami.
Ɗan nan, tokar taku, ina za a zuba ta?
Shekara nawa take yi kafin ta huce?"

Lawali ya dubi ƙasa.
Ya ce, "Wata dubbai, Inna."
Bai iya ƙarya ba, tun yana ƙarami.

Ni dai ina son wuta, ban ɓoye wa kowa ba.
Yara shida ke ci daga tartsatsin nan.
Amma na sha furar a hankali,
ina kallon garin da ya manne a bakin ludayi.

Batir ya yi sanyi, muryoyin suka shige ciki.
Na miƙa wa Lawali jarka da kuɗin kwalba ɗaya.
Alhaji ya ce gobe zai aiko a ɗauki ƙofa.